Wayar da ke bin masu rigakafin shan inna har rugagen Gwarzo da Kabo

Kafin 2012, masu ɗiga maganin rigakafin shan inna a Kano da taswirar zanen hannu suke fita aiki. Ƙauyen da mai zanen ya manta, an manta da yaransa ke nan.

Sai aka koma haɗa taswira daga hotunan tauraron ɗan'adam, ta shafi dukkan ƙananan hukumomi 44 na jihar, har da Gwarzo da Kabo. Ƙungiyar eHealth Africa mai ofishi a Kano ta riƙa kula da wayoyin Android masu GPS da ake bai wa ma'aikatan. Wayar ba ta buƙatar a latsa komai, tana aljihu tana rubuta inda mai ita yake duk bayan minti 2. Da yamma a kwashe bayanan, shugabannin aiki su ga lungun da ƙafa ba ta taka ba, a sake tura mutane.

Abin lura shi ne yadda aka raba aikin. Hoton sama na nuna rufin gidaje, amma bai san sunan gari ba, bai san rugar da ta tashi bayan damina ba. Wannan sai mutanen yankin da masu unguwanni. Haka kuma wayar na iya shaida cewa an je ƙofar gida, amma ba ta san ko yaro ya karɓi ɗigon ba. Idan maigida ya ƙi, dagaci ko limami ake nema.

Yaron ƙarshe da ƙwayar shan inna ta daji ta kama a jihar Kano, a Sumaila aka same shi, cikin Yulin 2014.