Leda ta shiga gona: gargaɗi ga manomi da mai masana'anta

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ta Bichi, ko ya ratsa ta Minjibir da Gezawa a ƙarshen rani, zai ga tsibi-tsibin shara a zube cikin gonaki ana jiran saukar ruwa. Wannan ba sabon abu ba ne, kakanninmu ma haka suka yi. Sabon abin shi ne launin tsibin. Da toka ce da kashin dabbobi da ɓawon gyaɗa da sharar tsakar gida. Yanzu da an baza shi iska ta taso, sai gona ta rikiɗe baƙi da fari: baƙar leda, ledar fiya wata, ledar biredi, ta omo, ta taliya, yagaggen buhu da kunzugun jarirai. Wadda ba ta maƙale a kututturen dawa ba tana saman gawo tana kaɗawa. Mun saba ganinta har idonmu ya daina tsayawa a kanta, kuma wannan sabon shi ne ya fi ba ni tsoro.

Sai an san yadda ƙasar nan take ci da mutanenta kafin a gane girman ɓarnar. Karkarar da ta kewaye birnin Kano na cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a duk Afirka ta Yamma. Babu dajin da za a sara, babu gonar da ake bari ta huta. Gona ɗaya ake nomawa bana da baɗi da baɗin baɗaɗa, gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya guda, tun zamanin kaka da kakanni. Wani masani ɗan Ingila, Michael Mortimore, da abokin aikinsa sun wallafa bincike a kan wannan yanki a 1965, kuma abin da ya ɗauki hankalin masana shi ne yadda ƙasa mai rairayi ta jure wannan nauyi ba ta mutu ba. Asirin ba ɓoyayye ba ne ga ɗan ƙauye. Akuya da tunkiya suna cin harawa da karmami, su ba da taki a turke, a kwashe a kai gona. Jaki ya shiga birni da itace ko kara, ya komo da mangala cike da shara. Birni yana cin hatsin ƙauye, ƙauye yana karɓar sharar birni ya mayar da ita hatsi. A kan wannan musaya aka rayu, kuma ita ce leda ta shiga tsakani.

Yau tifa ce ke kawo sharar, kuma da kuɗinsa manomi yake saye, don takin zamani ya fi ƙarfin aljihun talaka. Mai tifa ba ya tankaɗe, daga bola yake loda sai gona. Toka da ruɓaɓɓen abinci za su narke cikin damina ɗaya. Leda ba ta narkewa. Garma ta binne ta bana, fartanya ta tono ta baɗi, rana ta gasa ta har ta yi ƙamas ta farfashe gutsi-gutsi, ta kai matsayin da ko an so tsincewa ba ta tsintuwa. Wadda ta kwanta a ƙarƙashin kunya tana tare ruwa ya kasa ratsawa, saiwar gero ta zo ta ci karo da ita ta lanƙwashe. Manomi ya ga shuka ta tsumbure a wani gefen gona ya ɗora laifin a kan ƙarancin ruwa ko wuta-wuta, alhali wani lokacin abin yana binne taƙi ɗaya a ƙarƙashin ƙafarsa. Wanda ke ganin na cika baki, ya tambayi abin da ya faru a yankin Shinjiyan na ƙasar Sin, inda aka shafe shekaru ana lulluɓe gonakin auduga da siririyar leda. Ragowarta ta taru cikin ƙasa har amfanin gona ya ragu, sai da hukuma ta tilasta a riƙa yin ledar da kauri kuma a riƙa kwashe ta bayan girbi. Su da injuna suka yi kwasar. Mu da me za mu yi?

Amma inda abin ya fi ciwo shi ne garke. Da an gama kaka an kwashe amfani, ana sakin dabbobi su yi kiwo a gonaki da bayan gari. Daga Fabrairu zuwa saukar ruwa ciyawa ta ƙare, yunwa ta kama su. Leda kuwa tana ɗauke da ƙanshin abin da aka zuba a cikinta, gishiri ne, man gyaɗa ne, ƙosai ne, ragowar alale ne. Akuya ta lasa ta haɗiye. Saniya ta fi ta haɗari, domin ba ta zaɓe, da harshe take naɗe abin da ta tarar. Ledar da ta shiga tumbi ba ta narkewa, ba ta kuma fita. Ta yau ta tarar da ta jiya, su murɗe su dunƙule, su cinye gurbin abinci. Sai a ga dabba tana ramewa ciki kuwa ya yi tulu, tuƙa ta ragu, gashi ya tashi, nono ya ƙafe. A sayo maganin tsutsa a ɗura, a yi allura, a jiƙa kanwa, duk a banza, don ba cuta ce ta magani ba. Likitan dabbobi ne kawai zai iya tsaga ciki ya ciro, kuma akuya nawa ce kuɗinta ya kai a yi mata tiyata? Ƙarshenta a kira mahauci da gaggawa ya saya yadda ya ga dama. Ku tambayi mahautan kowace kwata abin da suke zarowa daga tumbi, su ne shaidun da ba sa bukatar takarda.

Wa ya yi asara? Yawancin awakin da ke ƙauyukanmu na mata ne. Akuya ita ce asusun uwar gida, da ita ake yi wa 'ya kayan ɗaki, da ita ake kai yaro asibiti cikin dare. Ragon da aka ɗaure tun bayan ƙaramar Salla ana lissafin kai shi kasuwar Ɗambatta kafin layya, shi ne jarin shekara na wani magidanci. Sannan duk dabbar da ta mutu, takinta ya mutu tare da ita, gona ta ƙara dogara da sharar birni, sharar birni ta ƙara kawo leda. Ta baki biyu take cin mu.

Sauran illolin ba sai na daɗe a kansu ba. Iyayenmu mata suna hura wuta da leda idan itace ya jiƙe, su da goyonsu suna shaƙar hayaƙin. Ana zuba koko da tuwo da zafinsu a cikinta, ana dafa alale a ƙulle da ita. Baƙar leda kuwa galibi daga tsohuwar robar da aka narka ake yin ta, ba wanda ya san me ta taɓa ɗauka kafin ta zo hannunsa. A cikin gari ta toshe magudana, ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida, ginin ƙasa ya jiƙe ya faɗi.

To daga ina take fitowa? Ba daga sama take faɗowa ba. Kano gari ne na masana'antun roba, a Sharaɗa da Challawa da Bompai da Dakata da gefen hanyar Haɗeja. Suna yin bokiti da buta da silifa da tabarma da buhu da leda, suna ciyar da dubban gidaje, kayansu suna kaiwa har Nijar da Chadi. Ban zo da maganar a rufe su ba, wanda ya san yadda masaƙun Kano suka mutu ba zai yi wa wata masana'anta wannan fata ba. Bokitin roba da ake shekara biyar ana ɗiban ruwa da shi ba shi ne abokin gabarmu ba, kuma idan ya fashe 'yan jari-bola suna rububinsa. Abokiyar gaba ita ce siririyar ledar da ake amfani da ita na minti goma a yar. An yi ta shara-shara ne don ta yi arha, kuma rashin nauyin nan ne ya sa ɗan jari-bola ba ya sunkuya mata, tunda da kilo ake saye, sai ya cika buhu bai haɗa kuɗin abinci ba. Ke nan tun a bakin inji aka yanke hukuncin cewa a gona za ta ƙare. Mai masana'anta ya ci riba, dillali ya ci, mai shago ya ci, kuɗin kwasa kuma aka bar wa matar da akuyarta ta mutu a Makoɗa ko Kunci.

Wannan ba adalci ba ne, kuma dokar ƙasa ma ba ta ce adalci ne ba. Tun 2007 aka kafa hukumar NESREA don sa ido a kan muhalli, kuma tana da tsarin da ya ce alhakin mai ƙera kaya ba ya ƙarewa a ƙofar kamfani, yana bin kayan har bayan an gama amfani da su. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba. Alƙaluman da aka fi ambata suna cewa Najeriya na zubar da wajen tan miliyan 2.5 na sharar roba a shekara. Takardu dai akwai su. Manomin Tsanyawa bai ga komai a ƙasa ba.

Alhaji mai masana'anta, idan kana son a shaide ka da kula da muhalli, ba allon da ka kafa a bakin ƙofa za a duba ba, ba kuma itatuwan da aka dasa ranar da 'yan jarida suka zo ba. Za a duba kaurin ledarka, ko ta isa a wanke a sake amfani da ita. Legas ta hana mazubin abinci na soso a Janairun 2024, kuma daga Yulin 2025 ta fara tilasta hana siririyar leda. Gara ka gyara injinka da kanka kafin a zo a gyara maka, kuma kada kayan da aka kora daga can su samu mafaka a kasuwanninmu. Za a duba ko sunanka yana jikin kowace leda, don a san mai ita idan an tsince ta. Mafi girma duka, za a duba ko kana sayen abinka idan ya tsufa. Motar da ke kai kaya kasuwar ƙauye wayam take komawa birni. Me zai hana a kafa sikeli ranar kasuwa, a sa wa ledar fiya wata da baƙar leda farashin da zai sa matasa su tsince ta, motar ta dawo da ita a narka? Ranar da leda ta yi kuɗi a Bichi ko Dawanau, ba mai sake ganinta a saman gawo. Masu gidajen fiya wata, da ke fitar da ƙulli ashirin a kowace jaka, nauyin yana wuyansu daidai da na mai yin ledar.

Narkawar ma tana da nata sharaɗi. Ruwan da aka wanke tsohuwar roba da shi ba na sakewa a kwata ba ne. Rafin Getsi da ya ratsa Bompai yana haɗuwa da Jakara, su gangara har madatsar Wasai a Minjibir, kuma a gefen ruwan nan ake noman latas da alayyafo da kabejin da birni ke ci. Dattin da ruwan ke ɗauke da shi ya riga ya yi yawa, na gidaje da na masana'antu iri-iri, kada mai roba ya ƙara nasa. Yaran da ke tsaye a bakin injin niƙa da tukunyar narki kuma 'ya'yan wasu ne, a ba su takunkumi da safar hannu, a fitar musu da hayaƙi.

Akwai wani tarko da ya kamata a sani tun kafin ya iso. Za a zo da leda a ce wannan mai ruɓewa ce, an zuba mata sinadarin da ke sa ta narke da kanta. Da yawa daga irinta ba ruɓewa take yi ba, saurin farfashewa kawai take yi, ta zama garin da ido ba ya gani amma yana nan cikin ƙasa. Tarayyar Turai ta haramta wannan nau'i tun 2021. Ga gonar da ake nomawa kowace shekara, wadda ake iya gani a tsince ta fi ta sauƙi.

Wasu za su ce a hana leda kwata-kwata a huta. Ruwanda ta yi a 2008, Kenya ta bi a 2017, kuma an ga bambanci a titunansu don sun bi doka da hukunci. Maƙwabciyarmu Nijar ma ta yi doka a 2014, amma wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ya san leda ba ta karanta dokar ba. A Najeriya majalisar wakilai ta zartar da ƙudurin hana ledar a 2019, bai zama doka ba. Saboda haka ni ban sa rai ga sanarwa ba. Na fi gaskata sikeli da farashi, da jami'in da zai shiga masana'anta ya auna kauri ya ƙi karɓar goro.

Kafin wannan ya samu, ɗan'uwa manomi, gonar taka ce. Kada ka karɓi tifar shara ka baza yadda ta zo. A zube ta wuri guda, a tsince, a tankaɗe da raga, sannan a kai kunya, kuma mai tifa ya san farashin tankaɗaɗɗiya dabam ne da na mai leda. Abin da aka tsince a ɗure a buhu a ajiye nesa da dabbobi, kada a cinna masa wuta a tsakiyar gona. Iyayenmu mata, a ɗaure awaki idan rani ya tsananta, a koma wa kwano da ƙwarya wajen sayen koko da ƙosai. Dagatai da masu unguwanni da limamai, ku da kuke da bakin faɗa a ji, ku hana a zubar da sharar birni a bayan garinku ba tare da an tace ta ba, ku kuma haɗa kai da shugabannin kasuwa ku aika wa masu masana'antun Sharaɗa da Bompai cewa motar da ta kawo leda ƙauye, ita za ta koma da tsohuwa.