Ko Kun Sani? Miyar Bazara a Kaka Ake Shirya Ta

A ƙauyukan Dambatta, Bichi da Kunci damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba, amma tukunyar miya kullum sai an ɗora. Shi ya sa ya kamata magidanci ya tsara lambunsa tun ana girbin gero. Tumatir, albasa, latas da kabeji sanyin hunturu suke so. Idan aka yi renon iri a watan Oktoba, aka dasa a Nuwamba, za su yi albarka kafin zafin Maris, wanda ke kakkaɓe furen tumatir. Wanda ya makara, wahalar ban ruwa kawai zai sha.

Wani zai ce ina fili, ina ruwa, a ƙasar da gona ke manne da gona? Gaskiya ne, ba kowa ke kusa da madatsar Watari ko ta Tomas ba. Amma lambun gida ba na kasuwa ba ne. 'Yan komaye kaɗan kusa da rijiya, da takin awaki, sun isa alayyafo da yakuwa, zogale kuwa da ya kafu ba ya neman ruwa da yawa. Sai dai kada a zuba tumatir zalla, domin a 2016 tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano. A haɗa shi da kuɓewa da tattasai, rarar kuma a yanka a shanya, ta kai iyali har faɗuwar ruwa.