Babbar jif ta iyali: Lissafin da ke jiran ma'aikaci tsakanin Abuja da Minna

Da yammacin kowace Juma'a, da zarar an tashi daga aiki a Sakatariyar Tarayya, akwai ayarin ma'aikata da ke kama hanyar Zuba da Madalla, su bi ta Suleja da Lambata, su shiga Minna ta Chanchaga kafin duhu ya yi. Da yawansu iyalinsu na can, domin hayar gida a Abuja ta fi ƙarfin albashi. Tafiyar wajen kilomita 150 ce, amma an shafe fiye da shekara goma ana aikin mayar da hanyar Suleja zuwa Minna tagwaye, kuma manyan motocin dakon kaya ba su bar kwaltar ta huta ba. Duk wanda ƙaramar motarsa ta taɓa dukan rami a wannan hanya da mata da yara a ciki, ya san abin da ke raya masa a zuci in wata babbar jif ta wuce shi ba tare da ta rage gudu ba.

A Minna kuwa sha'awar ta ƙara da wani abu. Gari ne da tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Janar Ibrahim Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar, suke zaune, saboda haka idon jama'a ya saba da jerin baƙaƙen Land Cruiser da Lexus na masu zuwa gaisuwa. Babbar mota a nan alamar matsayi ce. Sai dai mafi yawan waɗancan motoci ba aljihun mai hawa ke ciyar da su ba. Tun da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alfarmar ma'aikata kuɗi a 2003, aka janye motocin ofis daga hannun mafi yawansu, ma'aikacin da ya sayi jif da albashinsa ko da bashin ƙungiyar adashen ofis shi kaɗai zai ɗauki nauyinta. Kuɗin saye shi ne mafi sauƙin gani a cikin wannan nauyi, kuma ba shi ne ke kayar da mutane ba.

Wace ce babbar jif

A bakin mutane duk mota mai tsayi jif ce, amma akwai bambanci. Highlander da Honda Pilot matsakaita ne, an ƙera su kusan kamar ƙananan motoci. Prado ma, duk da ƙarfinta, matsakaiciya ce. Manyan su ne irin Toyota Land Cruiser da Sequoia, da Lexus LX 570, da Nissan Armada ko Patrol, da na Amurka irin Chevrolet Tahoe da Ford Expedition. An ɗora bodinsu a kan shasi irin na motar ɗaukar kaya, suna da layin kujeru uku na mutum bakwai ko takwas, nauyinsu wajen tan biyu da rabi ne, kuma waɗanda suka fi yawa a kasuwar tokumbo injinsu mai silinda takwas ne. LX 570 da mafi yawan Sequoia ta 2008 zuwa 2022 suna ɗauke da injin mai girman lita 5.7, wato ya ninka na Corolla sau uku.

Sabuwa dal ba zancen ma'aikaci ba ce. Lokacin da aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya jif-jif a ƙarshen 2023, rahotanni sun sa kuɗin kowace ɗaya sama da Naira miliyan ɗari. Bayan an saki darajar Naira a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen N460 a farashin gwamnati ta haura N1,500 a farkon 2024, farashin tokumbo ma ya bi ta. Abin da ya rage wa mai albashi shi ne tsohuwar tokumbo ko wadda aka riga aka hau a Najeriya, kuma a nan ne haɗarin yake.

Kafin a biya

Ba a cinikin biri a sama. Abu na farko da mai saye zai nema shi ne lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17, ya tabbatar wadda ke jikin gilashin gaba ita ce a jikin ƙofa, ita ce kuma a takardu. Da wannan lamba ake binciko tarihin motar da ta fito daga Amurka ko Kanada ta kamfanoni irin Carfax. Motoci da yawa da ke shigowa an saye su ne a gwanjon Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye. Wadda ta yi haɗari aka gyara da kyau tana iya yin aiki. Wadda ruwa ya shiga kuwa, wayoyinta da kwamfutocinta za su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har mai ita ya gaji da zuwa wurin riwaya. Warin danshi a ƙarƙashin kafet da tsatsa a ƙusoshin kujeru su ne ke tona ta.

Sai a ɗaga motar a duba cikinta daga ƙasa. A jihohin arewacin Amurka ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin kuma yana cin shasi. Matsalar ta kai har a 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun da ya kai Dala biliyan 3.4 a kan tsatsar shasin wasu motocinsa, ciki har da Sequoia ta 2005 zuwa 2008. Fenti mai sheƙi a sama ba ya faɗin halin da ƙarfen ƙasa yake ciki. Haka kuma agogon tafiya na motar Amurka da mil yake ƙirga: mil 100,000 kilomita 160,000 ke nan, in ma ba a mayar da agogon baya ba.

Takardun kwastan su ne na uku. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a 2022 kuma Hukumar Kwastan ta koma ƙiyasta kuɗin fito da lambar shasi. Duk da haka motocin da suka biyo ta daji daga Kwatano, ko waɗanda aka biya musu fiton ƙaramar mota, suna nan a kasuwa. Jami'an kwastan na iya kama irin wannan mota a kan hanya ko bayan shekaru, kuma wanda aka same ta a hannunsa shi zai yi asara, ba dillali ba. Ofishin hukumar na shiyyar Neja da Kogi yana Minna. Kai takardun can a tantance su kafin a ba da ko kafin alƙalami ya fi sauƙi a kan zuwa belin mota. A ƙarshe, bakaniken da zai duba motar ya zama na mai saye ne, wanda ba shi da rabo a la'ada, ya zo da na'urar da ke karanta kwamfutar mota.

Abin da take ci

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da N200 ta haura N500 cikin kwanaki, ta kuma haura N1,000 a Abuja a watan Oktoban 2024. Farashin yana hawa yana sauka tun daga nan, amma bai koma inda ya fito ba.

Sequoia mai silinda takwas tana shan wajen lita 16 a kowace kilomita 100, in an haɗa tafiyar gari da ta babbar hanya. Corolla tana shan kusan rabin haka. Don sauƙin lissafi, a ɗauka lita tana N1,000. Zuwa Minna da dawowa Abuja kilomita 300 ne, wato lita 48, N48,000, a inda mai Corolla zai kashe N24,000. Wanda ke zuwa gida kowane mako zai zuba N192,000 a wata a kan wannan hanya kaɗai, ba a sa zirga-zirgar ofis daga Kubwa ko Lugbe ba, ba a sa kai yara makaranta daga Bosso zuwa Tunga ba. A cunkoso, da na'urar sanyi ta gaba da ta baya a kunne cikin zafin Maris da Afrilu, shan man yana ƙaruwa. Tankinta lita 100 ne, saboda haka cika shi sau ɗaya ya wuce mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Wasu na juya motar zuwa iskar gas ta CNG, kuma hakan na rage kuɗi, sai dai tukunyar gas ɗin takan cinye wurin kaya, wani lokaci har da layin kujerun baya, wanda dominsa aka sayi motar.

Bayan fetur sai juye. Injin lita 5.7 yana ɗaukar baƙin mai kusan lita bakwai da rabi, Corolla kuwa huɗu da 'yan kai. Filogi takwas ne, kuma mota mai jan ƙafa huɗu tana da man giya a wurare da dama da ake canzawa. Tayoyin manya ne, masu tsada, kuma an fi so a canza su huɗu tare. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗin cewa taya na ƙarewa shekara huɗu bayan ƙera ta. Alƙaluma huɗu da ke gefenta suna nuna mako da shekara, misali 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Tsofaffin Land Cruiser da Sequoia masu injin lita 4.7 suna da bel ɗin taimin da ake canzawa a wajen kilomita 145,000, kuma wanda ya yi sakaci har ya tsinke yana iya rasa injin. LX 570 kuma tana da tsarin ɗagawa da saukewa mai aiki da mai a madadin shakazoba na yau da kullum: yana da daɗi a gargada, gyaransa kuma ba na kowane gareji ba ne.

Kayan gyaran Toyota da Lexus ana samun na yau da kullum a garejojin Minna irin na Ƙetaren Gwari, manya kuma a Zuba ko Apo a Abuja. Tahoe da Expedition sukan fi araha wajen saye, amma wani ƙaramin ƙarfe na iya ajiye su mako biyu ana jiran saƙo daga Ladipo a Legas. Inshorar dole ta masu mota, wadda ke biyan ɓarnar da aka yi wa wani har Naira miliyan uku, ta koma N15,000 daga Janairun 2023. Cikakkiyar inshora kuwa ba ta gaza kashi biyar cikin ɗari na darajar mota ba: motar miliyan 40, miliyan biyu ke nan a shekara. Wadda ta zo da baƙin gilashi tun daga kamfani ma takan jawo tambayar 'yan sanda game da izini.

Abin da take bayarwa, da iyakarsa

Amfaninta gaskiya ne. Tsayinta yana ƙetare ramukan da ke fasa ƙasan ƙaramar mota, kuma da damina tana kai mai ita ƙauyukan Paikoro ko Shiroro da ƙaramar mota ba ta isa. Iyali mai mutum takwas suna tafiya Sallah a mota ɗaya. Land Cruiser da aka kula da ita tana daɗewa, tana kuma riƙe daraja in an tashi sayarwa.

Amma akwai abin da dillali ba ya faɗa. In an buɗe layin kujeru na uku, wurin kayan da ya rage ƙarami ne, sai buhun doya da akwatuna su koma kan rufi, su ƙara wa mota mai tsayi nauyi a sama. Mota mai tsayi ta fi saurin kifewa in aka karkata sitiyari da ƙarfi don kauce wa rami ko tirela, nauyinta kuma yana ƙara tazarar da take buƙata kafin ta tsaya. Direban da ya ji gargada ta daina damunsa yakan ƙara gudu, alhali birki bai ƙaru ba. A cikin gida ma akwai haɗari: ƙaramin yaro da ke tsaye dab da bayanta ko gabanta ba ya ganuwa daga kujerar direba, don haka a ƙirga yara kafin a tayar. Ruwa mai gudu a kan kwalbati yana ɗauke ta kamar yadda yake ɗauke kowace mota. A hanyoyin da ake fama da 'yan bindiga, kamar yankin Tegina da Kagara, baƙar jif tana sanar da cewa mai kuɗi ne a ciki, ko da ma'aikaci ne mai mataki na 12 da bashin motar a wuyansa.

Tambayar da ke yanke hukunci

Kafin ma'aikaci ya sa hannu a takardar bashi, ya ɗauki takarda ya rubuta kwana nawa a shekara yake ɗaukar fiye da mutum biyar, kuma kwana nawa yake barin kwalta. In amsar ita ce Sallah biyu da bukukuwa kaɗan, Sienna mai kujeru bakwai ko takwas, ko Highlander, za ta yi aikin da ƙarancin mai, ragowar kwanakin kuma ɗaukar shatar bas ya fi ciyar da silinda takwas wata goma sha biyu. In kuwa gona ce a cikin daji, ko iyali babba da tafiya kowane mako, babbar jif na iya cancanta, da sharaɗin ya haɗa kuɗin mai da juye da taya da inshora na shekara guda, ya raba goma sha biyu, ya ɗora a kan abin da za a riƙa cira daga albashinsa, sannan ya ware wani abu na gyaran farko, domin tsohuwar mota ba ta rasa abin canzawa a watannin farko. In abin da ya rage bai isa cefane da kuɗin makaranta ba, motar za ta ƙare a ƙarƙashin bishiyar mangwaro a tsakar gida, an lulluɓe ta da tamfol, mai ita kuma ya koma tashar Suleja yana jiran motar haya ta cika.