Yunwar ciki da yunwar zuciya: yadda za ku bambanta su

Ya ku iyaye da masu riƙon gida, ba kullum ne mutum yake kai hannu ga abinci don cikinsa ya buƙata ba. Idan bashi ya yi nauyi, ko rumbu ya kusa ƙarewa tun kafin kaka, ko yaro ya kwanta ciwo, jiki yakan ƙara fitar da wani sinadari mai suna kotizol. Damuwa in ta daɗe, sinadarin nan yakan tayar da kwaɗayin zaƙi da maiƙo: shayi mai yawan sukari, fanke, alawa, lemun kwalba. Ƙarancin barci ma yana rura wannan kwaɗayi.

Yunwar ciki a hankali take zuwa, kuma tuwo ko fura sun isa su kashe ta. Yunwar zuciya kuwa farat ɗaya take faɗowa, abu guda take nema, kuma bayan an ci damuwar tana nan daram, kuɗin cefane ne kawai suka ragu.

Idan kwaɗayin ya taso, ku sha ruwa, ku dakata kamar minti 10. Ku tambayi kanku: yaushe rabona da abinci, kuma me ya ɓata mini rai? In yunwa ce ta gaske, ku ci gyaɗa, dafaffen wake ko kwaɗon zogala, domin sun fi riƙe ciki. In damuwa ce, ku taka zuwa wurin ƴan uwa ko maƙwabta ku faɗi abin da ke ranku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba yake sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12.

Kada kwaɗayi ya kai ku ga Plumpy'Nut ɗin yaro mai tamowa. Magani ne, an ƙidaya shi bisa nauyin jikinsa; duk ledar da babba ya ci, kalori 500 ne aka rage wa majinyacin.

Mai juna biyu da mai shayarwa kada su rage cimaka, buƙatar jikinsu ta ƙaru. Idan baƙin ciki ya wuce mako 2 yana hana ku barci, ko yana sauya cinku, ku je gidan likita mafi kusa. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma ana samun taimako.