Gajiyar Kasuwa Ba Motsa Jiki Ba Ce

Kakanninmu da suka buɗe hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja, da ƙafa suka yi ta. Ayari kan tashi da jakuna, madugu na gaba, a yi watanni a hanya kafin a sauka Salaga, a sayar da kanwa da tufafi, a ɗauro goro a juyo. Kalmar zango da ake kiran unguwanninmu da ita a Kumasi da Akara da Lome da Kwatano, daga wannan tafiya ta samo asali. Fataucin dai mun gaje shi, amma tafiyar ƙafar ba ta iso gare mu ba. Yau ɗan kasuwa yana kan benci zai yi cinikin kaya ta WhatsApp, ya tura kuɗi ta waya, yaro ya je tasha ya karɓo.

Duk lokacin da na tayar da zancen motsa jiki a majalisarmu ta bayan isha'i, amsa ɗaya nake samu: "Haba Malam, mu da muke wuni a kasuwa mu dawo a gajiye liƙis, wane motsa jiki kuma ya rage?" Gajiyar gaskiya ce, ban musa ba. Amma mu lissafa wunin tukuna. Daga ƙofar gida an hau babur, ko sunansa okada ne, ko zemijan a Kwatano, ko bensikin a Duwala, ko kuma an shiga torotoro a Akara. An buɗe shago an zauna. Mai shayi ya kawo shayi da madara da sukari, mai abinci ta kawo shinkafa da tsakar rana, an kora da lemon kwalba mai sanyi. In ban da alwala da salla, babu abin da ya ɗaga mutum daga kujera har magariba. Abin da ya gajiyar da shi surutun ciniki ne, da lissafi, da zafin rana, da tunanin bashi da faɗuwar kuɗi. Kai ya sha aiki, amma zuciya da cinyoyi hutu suka wuni suna yi.

Direba da kwandasta

A shekarar 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremi Moris ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin bas masu hawa biyu na birnin Landan. Direba da kwandasta mota ɗaya suke ciki, hanya ɗaya suke bi. Bambancinsu shi ne direba yana zaune kusan duk wunin, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin, kuma ya fi saurin kashe su. Daga wannan bincike likitoci suka fara ɗaukar yawan zama a matsayin abin da ke jawo cuta. In muka dawo kasuwanninmu, mai shago shi ne direban, yaronsa da ke zirga-zirga tsakanin sito da tasha shi ne kwandastan. Wato yadda arziki ke ƙaruwa haka tafiya ke raguwa, tumbi ya fito, mu kuma mu ce alamar hutu ce.

Yadda abin yake aiki a jiki ba shi da wuyar ganewa. Tuwo da shinkafa da burodi da dokunu, duk sukari suke komawa a cikin jini. Naman jiki, musamman na cinya da ƙwauri, shi ne babban mai cinye wannan sukari, kuma idan yana aiki ya fi jawo shi daga jini. Idan ya wuni a kwance, sukarin ya rasa mai saye, ya yi kwantai, jiki ya mai da shi kitse, a hankali ciwon suga ya sami ƙofa. Haka zuciya: ita ma tsoka ce, in ana sa ta aiki tana ƙara ƙarfi, hanyoyin jini su yi laushi, hawan jini ya ragu. A Amurka an yi wani babban gwaji da aka bayyana sakamakonsa a 2002, a kan mutanen da suke gab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka sa su tafiyar minti 150 a mako tare da gyara abinci da rage ƙiba, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, fiye da waɗanda aka ba ƙwayar magani.

Ciwo a ƙasar wani

Mu da ke ci-rani ko zama a ƙasashen maƙwabta, rashin lafiya sau biyu take cin mu. Hawan jini ba ya sallama, mutum zai iya shekaru da shi bai ji komai ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Daga ranar an rufe shago, ko an bar wa yara su yi yadda suka ga dama. Kuɗin asibiti daga jari ake ciro shi. 'Yan'uwan da za su yi jinya suna can Kano ko Maraɗi ko Damagaram, kuma su ma jiran saƙon ƙarshen wata suke yi daga hannun wanda ke kwance. Na ga shaguna fiye da ɗaya da aka yi shekara ashirin ana ginawa suka watse cikin wata shida, ba gobara, ba ɓarawo, jinya kawai. Bahaushe ya ce lafiya uwar jiki, ni kuma na ce ga ɗan kasuwa ita ce uwar kuɗi.

Nawa ake bukata?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, da kwana biyu na aikin da ke ƙarfafa tsoka. Yara daga shekara 5 zuwa 17 kuma awa ɗaya kullum. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2022 kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan duniya bai kai wannan ma'auni ba. Minti 150 ɗin nan, in an raba, rabin awa ne sau biyar a mako, kuma ba dole a yi shi a tashi ɗaya ba. Matsakaici kuwa shi ne tafiyar sauri wadda numfashi zai ɗan ɗaga, kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. Tafiyar ƙasaita da babbar riga ana tsayawa gaisuwa kowane taku goma ba ta shiga lissafi.

Ga inda nake ganin mintocin suke ɓoye a wuninmu. Bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, a zaga unguwa minti ashirin maimakon komawa shimfiɗa. A sauka daga mota tun kafin a iso bakin kasuwa, a ƙarasa da ƙafa. Azahar ko la'asar, a tafi masallacin da ya ɗan fi nisa. Aiken da bai wuce layi biyu ba, Alhaji ya je da kansa, girma ba zai zube ba. A cikin shago ma, duk rabin awa a miƙe, a gyara kaya, a tashi a zauna sau goma ba tare da dafa komai ba. Masu doguwar tafiya kuwa, irin Legas zuwa Akara ko Ngawundare zuwa Njamena, su sani zaman awa huɗu ko fiye wuri ɗaya yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Duk inda mota ta tsaya, a shinge ko a kan iyaka, a sauko a taka, a sha ruwa.

Iyayenmu mata fa? Da can daka da surfe da ɗiban ruwa sun ishe su. Yanzu inji ya karɓi niƙa, Hajiya kuma tana zaune gaban kaskon waina ko keken ɗinki daga safe zuwa dare, a ɗaki ɗaya na gidan haya. Maigida, in ta ce za ta fita da maƙwabtanta su taka da safe, ko su zaga tsakar gida, ka ƙarfafa mata gwiwa, kuɗin maganin da ka huta saye naka ne. Yara kuma a karɓe wayar na ɗan lokaci, a bar su su yi ƙwallo da langa da gaɗa, su je makaranta da ƙafa in hanyar ba haɗari.

Sai dai a bi a hankali. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti goma, ya riƙa ƙarawa mako-mako. Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya ya fara jin shawarar likitansa, kuma kada ya ajiye magani wai don ya fara tafiya. Mai suga ya sa takalmi mai rufi da bai matse ba, ya duba tafin ƙafarsa kullum, ya riƙe ɗan dabino a aljihu ko da suga zai faɗi. In aka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, a tsaya nan take a nufi asibiti. A watan azumi, bayan shan ruwa ya fi.

Shawarata ga sarakunan zango da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa: yadda muke haɗa adashe da gudummawar biki, mu haɗa mu sayi na'urar awon jini guda ɗaya a ajiye a ofishin ƙungiya, duk wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 fiye da sau ɗaya a tura shi asibiti. Sannan kowane layi ya fitar da mutum uku ko huɗu da za su riƙa ƙwanƙwasa wa juna ƙofa bayan asuba, domin tafiyar mutum ɗaya ba ta cika wuce mako biyu ba. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya sa wa kasuwa albarka.