Katin Sauti da Fulogin: Me Ya Kamata Mai Haɗa Kiɗa Ya Zuba a Kwamfutarsa?

Matashin da ke shirin buɗe situdiyo, a Kano ne ko Kaduna ko Jos ko Maraɗi, yakan fara da tambayar wane katin sauti zai saya don kiɗansa ya yi daɗi. Da ya samu katin kuma sai ya shiga neman wanda zai cika masa kwamfuta da fulogin, wato ƙananan manhajojin nan da ake liƙawa a cikin babbar manhajar haɗa kiɗa, wasu su fitar da sautin kayan kiɗa, wasu su gyara murya. Duka biyun ana bukatarsu. Matsalar ita ce ana ɗora wa kowanne aikin da ba nasa ba, kuɗi su tafi, waƙa kuma ta fito yadda take tun farko.

Katin sauti irin wanda ya cika situdiyoyinmu, kamar Scarlett 2i2 na kamfanin Focusrite da ya fito a 2011, ko ƙananan katunan Behringer da M-Audio, babu fiyano ko ganga ko ɗaya a cikinsa. Aikinsa shi ne ya karɓi muryar da makirufo ya ɗauko, ya ƙara mata ƙarfi, ya mayar da ita lambobin da kwamfuta ke ganewa, sannan ya sake mayar da lambobin sauti ya tura wa lasifika. Shi ne kuma yake ba makirufon situdiyo wutar bolt 48 da ba ya aiki sai da ita. Duk wani sauti da fulogin ke fitarwa, ƙwaƙwalwar kwamfutar ce take lissafa shi. Saboda haka wanda kwamfutarsa ke shaƙewa in ya buɗe fulogin goma, ko ya canja kati sau nawa ba za ta daina ba.

Akwai dai wani jinsin kati da ya bambanta, kuma wataƙila daga gare shi ne tunanin cewa kati ne ke ƙera sauti ya samo asali. A ƙarshen shekarun 1990 kwamfutoci ba su da ƙarfin ɗaukar wannan lissafi, sai wasu kamfanoni suka dasa wa katin tasa ƙwaƙwalwar. Kamfanin Creamware na Jamus ya fitar da Pulsar a 1998, da guntayen SHARC a jikinsa, yana ɗauke da sintesaiza da na'urorin gyaran sauti nasa na kansa. A 2001 UAD-1 na Universal Audio da PowerCore na TC suka biyo baya. Fulogin ɗin waɗannan katuna ba sa tashi sai katin yana jone. PowerCore an daina yin sa, waɗanda suka zuba kuɗinsu a fulogin ɗinsa suka rasa inda za su kai su. Universal Audio ya ci gaba, ya fito da Apollo a 2012, amma shi ma daga 2022 ya fara sakin fulogin ɗinsa a sigar da ke aiki a kwamfuta kai tsaye ba tare da katin ba. Wanda ya ga Apollo na hannu a kasuwa da araha ya sani cewa lasisin fulogin ɗin yana rajiste ne da sunan mai shi na farko. Ba lallai ba ne ya biyo katin, don haka a yi wannan maganar kafin a biya.

Ga sauran jama'a, abin dubawa na farko shi ne ko fulogin ɗin zai shiga manhajar da ake aiki da ita. Kamfanin Steinberg na birnin Hambag, mai Cubase, shi ya ƙirƙiro tsarin VST a 1996, a 1999 kuma ya faɗaɗa shi ya ɗauki kayan kiɗa. FL Studio na kamfanin Image-Line da ke Beljiyam, wanda matasanmu suka fi sabawa da shi, yana karɓar VST, haka ma Cubase. Logic Pro na Apple kuwa AU yake so, Pro Tools kuma AAX. A duba wannan, a wuce.

Inda kati da fulogin suke haɗuwa da gaske shi ne wajen jinkiri. Duk wanda ya taɓa zama a situdiyo ya ga irin wannan: mawaƙiya tana ɗakin ɗaukar murya, hedifon a kunne, ta fara baiti sai ta tsaya, ta zare kunne ɗaya ta ce, "Yaya, muryata tana biyo ni a baya." Gaskiyarta. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti a ci gaba ɗaya. Ɗiba take yi mudu-mudu, sai mudun ya cika ta juye ta sake tarawa. Girman wannan mudu shi ake kira bafa. In ana ɗaukar sauti a kan ƙwaya 44,100 a daƙiƙa, bafa mai ƙwaya 128 tana cika cikin kimanin kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa, abin da kunne ba ya damuwa da shi. In an kai ta 1,024, jiran ya zama kashi 23, kuma sau biyu ake yin sa, shiga da fita. A nan mawaƙi yake jin kansa a makare, ya fara jan baiti, ya sauka daga kan kiɗa. Rage bafa yana kawar da jinkirin, amma yana tilasta wa kwamfuta ta yi sauri, in ta kasa sai a ji ƙaras-ƙaras a lasifika. Maganin a aikace shi ne a ɗauki murya da ƙaramar bafa, an kashe manyan fulogin, musamman waɗanda ke kan layin ƙarshe na mastarin, domin wasunsu sai sun leƙa gaba kafin su yi aiki, suna ƙara nasu jinkirin. In an zo miksin sai a ɗaga bafar yadda ake so. Yawancin katuna suna da maɓallin da ke mayar wa mawaƙi muryarsa kai tsaye ba tare da ta bi ta kwamfuta ba. A kan Windows kuma a tabbata an sa direban ASIO na kamfanin katin. ASIO4ALL na rashin babu ne.

Sai maganar sintesaiza. Gida biyu ne. Akwai waɗanda ke ƙera sauti da lissafi zalla, akwai masu kunna sautin da aka riga aka ɗauka daga kayan kiɗa na gaske. Na farkon jikokin Minimoog ne na 1970 da DX7 na Yamaha na 1983, wanda aka gina a kan binciken John Chowning na Jami'ar Stanford. A cikinsu akwai Sylenth1, da Serum da ya fito a 2014, da Vital na Matt Tytel da ya fito a 2020. Waɗannan ƙwaƙwalwar kwamfuta suke ci, Serum da Vital kuwa ba kaɗan ba in aka tara muryoyi. Na biyun, irin su Kontakt na Native Instruments da Nexus, wurin ajiya da RAM suke ci. Omnisphere 2, da ya haɗa gidajen biyu, shi kaɗai yana neman wajen gigabayit 64. Mai kwamfutar RAM 4 ko 8 da tsohon faifan ajiya mai juyawa, in yana da ɗan kuɗi a hannu, ƙarin RAM da faifan SSD sun fi masa kowane sabon fulogin amfani.

A ganina, sintesaiza ɗaya daga kowane gida ya isa mai farawa, in dai zai zauna ya san shi ciki da waje. FL Studio da kansa yana zuwa da FLEX da 3xOsc, Cubase yana da HALion Sonic. Wanda ya iya buɗe tacen sauti ya rufe, ya san yadda ake gajarta wutsiyar nota ko a tsawaita ta, zai fitar da sarewar da ba ta kowa ba. Wanda yake da sauti dubu goma bai san ko ɗaya ba, rabin kuɗin zaman mawaƙi a zaɓe zai ƙare. Shi kuma tsohon fiyanon Yamaha PSR, wanda a kansa aka gina kiɗan nanaye na finafinan Hausa, bai kamata a jingine shi ba. Ana jona shi da katin a ɗauki sautinsa, ana kuma kaɗa fulogin da shi ta hanyar MIDI, tsarin da ya kasance tun 1983.

Abin da ya fi damuna shi ne gangunanmu. Native Instruments yana da tarin sauti mai suna West Africa, amma in ka buɗe shi jembe ne da dundun da kora da balafon, kayan kiɗan ƙasashen Mande, Mali da Gini da maƙwabtansu. Kyawawa ne, sai dai ba su ne kalangun da aka yi wa Mamman Shata kiɗa da shi ba, ba kotson Musa Ɗanƙwairo ba ne, ba kuntigin Ɗanmaraya Jos ba, ba gurmin Haruna Uji ba. Sai ka ji mai haɗa kiɗa ya ɗauko wata ganga ta waje ya ɗaga muryarta, ya ce ta zama kalangu. Ba ta zama ba, kuma dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya tsaya kusa da makaɗi. Kalangu yana rataye a hammata, makaɗin yana bugawa da maƙaɗi a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kan tsirkiyoyin da suka haɗa fatun biyu. In ya matse, fata ta ɗaure, murya ta hau. In ya saki ta sauko. Sau da yawa bayan ya buga ne yake matsawa, sai sautin ya lanƙwasa a tsakiya, kuma a wannan lanƙwasar ce gangar ke bin hawa da saukar maganar Hausa har mai sauraro ya ji kirari. Bugu ɗaya da aka yanka aka shimfiɗa a kan maɓallan fiyano ba ya lanƙwasa, kuma kowane bugu yana fitowa iri ɗaya sak.

Ga wanda yake da kati mai ramin makirufo biyu, hanya a buɗe take. A gayyato makaɗi, a biya shi hakkinsa, a kuma yi magana a fili cewa za a riƙa amfani da sautin a wasu waƙoƙin. A sa makirufo ɗaya kusa da fatar, kamar taƙi ɗaya, ɗayan kuma a ja shi baya ya ɗauki ɗakin. A ɗauki bugu mai taushi da matsakaici da mai ƙarfi, kowanne sau da yawa, a sake da a matse, sannan a bar shi ya kaɗa cikakkun zagaye a kan gudu daban-daban. Zagayen nan su ne dukiyar. A yanka su da Slicex, ko a jera bugun a DirectWave ko Kontakt yadda ƙarfin taɓa maɓalli zai zaɓi bugun da ya dace. Yinin da aka ɓata a wannan aiki zai ba situdiyo sautin da ba a sauke shi daga intanet. Goge da kukuma da algaita kuwa, gara a ɗauke su kai tsaye a kan waƙar, domin suna zamewa ne tsakanin notoci.

Wajen gyaran murya ba a bukatar tarkace. Ikwalaiza ta yanke gurnanin da ke ƙasa da hatiz 80 zuwa 100, inda ƙarar janareto da takun ƙafa suke taruwa. Kwamfuresa ya daidaita inda mawaƙi ya yi ƙarfi da inda ya yi sanyi, amma a sassauta masa hannu don kada ya danne bakin kalma, inda ƙ da ts suke fashewa, domin in suka dushe baitin ya rasa kaifinsa. Sai abin rage tsinin s da sh, sai amon ɗaki da amsa-kuwwa, waɗanda ya fi kyau a buɗe su a layi guda a riƙa tura wa jagora da 'yan amshi gwargwado, maimakon a liƙa wa kowace murya nata. Fruity Parametric EQ 2 da Fruity Limiter suna yin aikin ikwalaiza da kwamfuresa sarai. A kuma tuna inda waƙar za ta: waya, ƙaramar sifikar Bluetooth, A Daidaita Sahu, wurin biki. Lasifikar waya ba ta fitar da bes mai zurfi, don haka a saurari miksin a waya kafin a sallami mai waƙa.

Auto-Tune ya cancanci a tsaya a kansa. Andy Hildebrand, injiniyan da ya yi aikin nazarin girgizar sauti a ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur, shi ya ƙirƙiro shi, kamfanin Antares ya fitar a 1997, waƙar "Believe" ta Cher kuma ta sanar da duniya sautinsa a 1998. Yana auna muryar ne ya ja ta zuwa nota mafi kusa. In an sa saurin jan a sifili, sai a samu muryar nan mai karyewa da ta zama alamar waƙoƙin finafinanmu. Salo ne, masu sonsa suna da yawa, ban ga laifinsa ba in da niyya aka yi. Abin da ke ɓata waƙa shi ne a bar shi a kan notoci 12 gaba ɗaya, alhali karin waƙoƙinmu da yawa a kan biyar yake tafiya; sai muryar ta riƙa faɗawa kan notar da ba ta cikin waƙar. A gano makullin waƙar, a cire notocin da ba a bukata. In kuma waƙar bege ce ko ta sarauta, inda kalma ce gaba, a sassauta saurin don lanƙwasar harshe ta tsira.

Saura kuɗi. Da dala ake sayen waɗannan kaya, biya da katin banki daga nan kuma ba kullum yake yiwuwa ba, shi ya sa manhajar da aka fasa ta yi yawa. Hatsarinta na gaske ne: tana shigo da ƙwayar cuta, tana rufe aiki a tsakiyar zama, ba a kuma sabunta ta. Alhali na kyauta na halal sun kai a yi sana'a da su. Vital yana da sigar kyauta, Surge XT kyauta ne, Dexed yana karanta sautukan DX7 na asali, TDR Nova ikwalaiza ce mai kyau, Valhalla Supermassive na amo da amsa-kuwwa, MAutoPitch da Graillon na gyaran nota. Serum ana iya biyan sa kaɗan-kaɗan duk wata ta shafin Splice har ya zama naka. Wanda ya sayi FL Studio sau ɗaya kuwa sabuntawa kyauta ce har abada. Kafin sayen kowanne a gwada sigar gwaji a kan kwamfutar da za a yi aikin, a kuma bincika ko lasisinsa yana neman intanet kullum, domin akwai masu ƙin buɗewa in layi ya yanke.

Fulogin kuma suna mutuwa. Cubase 9 ya daina karɓar masu bit 32 a 2016, Steinberg ya daina ba da sabon lasisin VST2 a 2018, aikin da aka yi da irinsu yana iya buɗewa yau babu rabin kayan kiɗansa. Don haka duk waƙar da aka gama, a fitar da kowane layi daban a matsayin WAV, ganga daban, bes daban, jagora daban, amshi daban, muryar kuma a ajiye ta iri biyu, gyararriya da ɗanya. A sa kwafi ɗaya a faifan da ba ya kwana a situdiyo, a ba mai waƙar nasa.