Idan ciwon daji ya kai ga ƙashi: aikin ma'aikacin haske

Ya kai mai karatu, ka san ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa. Yakan fara a wuri guda, kamar nono, ko huhu, ko furostat, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Idan ya daɗe, sai ya bi jini ya sauka a ƙashi. A nan ne zafi yake tsananta, har mutum ya kasa barci.

Akwai maganin da ake kira radiyoterapi. Wata na'ura ce take aika haske mai ƙarfi, wanda ido ba ya gani, zuwa daidai inda ciwon yake. Idan ciwon ya riga ya yaɗu, yawanci hasken ba ya warkar da shi, amma yana rage zafi. Cikin mutum 10, kamar 6 suna samun sauƙi. Bincike ya nuna cewa, wajen rage zafin ƙashi, zama 1 yakan yi aikin zama 5 ko 10, ko da yake wanda ya yi zama 1 ya fi yiwuwa a sake yi masa nan gaba. Zafin yana iya ƙaruwa a kwanakin farko. Sauƙi yakan zo cikin mako 1 zuwa 4.

To, wa ke yin wannan aiki? Lokotoro ne yake duba maras lafiya, ya faɗi yawan hasken da za a ba shi. Ma'aikacin haske kuma shi ke kwantar da mutum, ya sa alama a fatarsa, ya kunna na'ura. Zaman ƴan mintoci ne. Abin da ke cin lokaci shi ne jiran lokotoro, domin lokotorori masu wannan sani ba su da yawa.

Saboda haka wasu ƙasashe suka sake tsari. A birnin Toronto na Kanada, tun 1996 aka buɗe sashe na musamman domin a gaggauta yi wa irin waɗannan marasa lafiya aiki. A Ingila, an ƙara wa wasu ƙwararrun ma'aikatan haske karatu. Yanzu su da kansu suke ganin maras lafiya, su yi masa bayani, su nemi yardarsa, su shata wurin ciwon a hoto, su ƙayyade yawan hasken. Tun 2016 doka ta ba waɗanda suka yi horo izinin rubuta magani. Ba su zama lokotoro ba. Suna aiki bisa ƙa'idar da asibiti ta rubuta, ciwo mai rikitarwa kuwa lokotoro ake kai wa.

A ganina wannan tsari ya cancanci a yi nazarinsa a nan gida. A 2021 ne aka fara radiyoterapi a Nijar, a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai. Daga Damagaram zuwa can kusan kilomita 900 ne. Kowane kwana na jira, kuɗin masauki ne da na abinci a kan iyali, ga mai ciwo yana nishi.

Wani abu kuma ba ya jira ko kaɗan. Idan mai ciwon daji ya ji sabon ciwon baya mai tsanani, ƙafafunsa suka yi nauyi ko suka mutu, ko ya kasa riƙe fitsari, mai yiwuwa ciwon ne ya danne lakar ƙashin baya. Ka kai shi asibiti a ranar, kada ka bari sai gobe, domin ƙafar da ta daɗe a mace ba safai take dawowa ba.